Huhun da ya rage a buɗe shi ke ɗaukar duk iskar

Darasi mafi nauyi da aiki a sashen kulawa ta musamman ke koyar da mutum shi ne, na'urar da ke riƙe da numfashin majinyaci tana iya yi wa huhunsa rauni. Ba kuma yawan iskar kaɗai ne abin dubawa ba. Tambayar ita ce: wane yanki na huhun ne ke karɓar ta?

A cutar ARDS, wato mummunar gazawar huhu da ke zuwa farat ɗaya, inda kumburi ke cika ƙananan jakunkunan iska da ruwa, hoton sikan na nuna ɓangaren da ke wajen baya ya dunƙule, ɗan na wajen ƙirji ne kawai ke shan iska. Luciano Gattinoni na Italiya ya kira wannan ragowar "huhun jariri". Lissafin talewar naman huhu mai sauƙi ne: iskar numfashi ɗaya a raba ta da iskar da ke saura a huhu bayan fitar numfashi. Mililita 400 a huhun da ke riƙe da 2,000 ta ba da 0.2, ita dai wannan 400 ɗin a huhun da ya koma 600 ta kusa 0.7. Lambar da ke fuskar na'ura ba ta motsa ba, amma talewar ta ninka fiye da sau uku.

Tun 1988 mai bincike Dreyfuss na Faransa ya nuna haka a jikin ɓeraye: waɗanda aka ɗaure musu ƙirji huhun bai samu damar talewa ba sun tsira daga raunin duk da matsi mai yawa. A 2000 kuma binciken ARDSNet a Amurka ya gwada ba majinyata iska mililita 6 da 12 kan kowane kilo na nauyinsu a kowane numfashi, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31.

Sai dai kilon nan ba na sikeli ba ne, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Girman huhu tsawon mutum yake bi, ba ƙibarsa ba. A ɗauko tef a auna majinyaci a kwance, kada a yi ƙiyasi da ido. Ga namiji, a cire 152.4 daga tsawonsa a santimita, a ninka da 0.91, a ƙara 50; ga mace a ƙara 45.5. Namiji mai santimita 170 ya tashi kilo 66, wato kusan mililita 400 in an ninka da 6. In nauyinsa 100 ne aka bi sikeli, 600 za a riƙa ɗura masa sau ashirin da wani abu a kowane minti, dare da rana.

Ko 6 ɗin ma ba ta wadatar ga kowa. A tsayar da numfashi na ɗan lokaci a ƙarshen shigar iska, majinyaci ba ya yunƙuri, a karanta matsin da ya tsaya a kai. Kada ya haura santimita 30 na ruwa, ma'aunin da ake auna matsin da shi. Daga nan a cire PEEP, matsin da ake bari a huhu don kada jakunkunan su rufe. Abin da ya rage shi ne matsin turawa, wanda mai bincike Amato na Brazil ya nuna a 2015 cewa ya fi sauran lambobin tafiya tare da rayuwa ko mutuwa. Matsi 28 da PEEP 10 ya bar 18. Ga ido komai lafiya tunda bai kai 30 ba, amma ya wuce 15 da ake so a tsaya ƙasa da ita. Sai a sauko zuwa mililita 5 ko 4, a ƙara yawan numfashi ba tare da wuce 35 a minti ba, a haƙura da ɗan hawan iskar kabon muddin asid ɗin jini bai yi tsanani ba. Mai ƙiba ko kumburin ciki dabam ne, domin wani kaso na matsin bangon ƙirji ke cinye shi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne majinyacin da ke kokawa da na'ura. Ya ja numfashi na biyu kafin na farko ya fita, 400 ta zama kusan 800, saitin kuma na nan yadda aka bar shi. Sai wanda ya tsaya bakin gado yana kallon zanen numfashi a allo zai kama wannan, ya gyara tsawon shigar iska ko ya ƙara maganin kwantarwa. In huhun ya yi tsanani, a kifa majinyaci rub da ciki na aƙalla awa 16 a jere, kamar yadda aka yi a binciken PROSEVA na 2013, don iskar ta samu faɗin wurin bazuwa.