Taya ta uku da lissafin da ke bin bayanta

Na yi shekaru a gaban tebur a wani garejin manyan babura, irin waɗanda ake doguwar tafiya da su. Ni ba bakanike ba ne, ko sifana ban iya riƙewa da kyau ba. Aikina rubutu ne: in karɓi babur, in rubuta abin da mita ta nuna da ƙorafin mai shi, in an gama gyara in haɗa kuɗin kaya da na aiki in miƙa rasit. Wanda ya daɗe a wannan kujera yakan san abin da mai sayarwa bai sani ba. Mai sayarwa sau ɗaya yake ganin fuskar mutum, ranar murna. Ni kuwa ina ganinta duk ranar da za a zaro kuɗi.

Wata rana wani dattijo da ya daɗe yana kawo mana Gold Wing ɗinsa, babban babur na Honda, ya zo da kanta a murɗe, madubi a fashe. Ba hatsari ya yi ba. Tsayawa ya yi a danja, da matarsa a baya, ya sa ƙafa ƙasa, gwiwa ta ƙi ɗauka, sai babur ya kwanta a hankali su duka biyu suka bi shi. Babur ne da ya haura kilo 350, kuma sai da mutum uku suka taru aka ɗaga shi. Ya jingina da teburina ya ce, "Yaro, kai ne mai lissafi. Mai taya uku nake so in koma. Nawa zai riƙa cina a shekara?"

Na ce, "Baba, ba ni kwana biyu." Na ɗauka aikin minti talatin ne.

Abin da ya fara kayar da ni shi ne, a kaina duk mai taya uku abu ɗaya ne. Ashe gida-gida ne. Akwai mai taya ɗaya a gaba biyu a baya, wanda shi ne tsohon salo. Harley-Davidson ta yi Servi-Car tun daga 1932 har 1973, sannan ta dawo fagen da Tri Glide a 2009 don masu doguwar tafiya. Akwai mai biyu a gaba ɗaya a baya, wanda kamfanin BRP na Kanada ya fito da shi a 2007 da sunan Can-Am Spyder, da injin Rotax na ƙasar Ostiriya, daga baya ya ƙara samfurin RT mai akwatuna da kujerar goyo. Akwai kuma waɗanda suke kwanciya a kwana kamar babur na gargajiya, irin Piaggio MP3 na 2006 da Yamaha Niken na 2018. Shi Niken ko da yake tayoyinsa uku ne, in ka sake shi faɗuwa zai yi, don haka bai warware wa mai ciwon gwiwa komai ba. Na ƙarshe shi ne na haɗi: Honda ba ta ƙera Gold Wing mai taya uku, wasu ƙananan kamfanoni ne ke cire tayar baya su dasa aksil mai tayoyi biyu. Kowane gida da irin ramin da yake haƙa wa aljihu.

Na kwaso tsofaffin rasit na duk masu taya ukun da suka taɓa shigo mana, na baje su. Taya ce ta fara bayyana. Mutum zai ce ai ƙari ɗaya ne kawai a kan biyu, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ba ya kwanciya a kwana yawancin tayoyinsa masu shimfiɗaɗɗen baki ne irin na mota, kuma ba tare suke cinyewa ba. A mai biyu a gaba, tayar baya ita kaɗai ke tura nauyin da ya haura kilo 450 kafin a ɗora mutum biyu da kaya, sai ka ga tsakiyarta ta yi sulɓi alhali na gaba suna nan da sauransu. Su kuma na gaban suna da nasu ciwon: in saitinsu ya goce ko da kaɗan ne, babur ya riƙa ja gefe, taya ta cinye ta ɓangare ɗaya. Saitin ƙafa aiki ne da mai taya biyu bai san da shi ba, ga shi ya zama layi a rasit. A mai biyu a baya kuma, tayar gaba ce ke shan wahala, domin ita kaɗai ke juya abin da ya haura kilo 550, a tsaye cak, ba tare da taimakon kwanciya ba.

Mai ma haka. Ƙarin nauyi, ƙarin faɗi da ke tare iska, ƙarin roba a kan kwalta, duk a tanki ake biya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙananan layukan da ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba: kuɗin motar ɗauko, alal misali. Mai taya uku in ya tsaya a hanya ba ya hawa siririyar tirelar babur, sai an nemo mai shimfiɗa irin ta ɗaukar mota. Sannan na zamani cike suke da na'urori masu hana birki kullewa, masu hana taya sulɓewa, masu rage wuta in taya ɗaya ta fara ɗagawa a kwana. Suna ceton rai, amma wani aikin a jikinsu ba ya yiwuwa sai da kwamfutar kamfanin, mu kuma ba mu da ita. Sau da dama bakanikenmu yakan gama abin da zai iya, ya ce a ƙarasa wurin dila. In dilan yana nesa, to tafiyar ma kuɗi ce, yini ne guda, wani lokaci har da kwana. Tun daga nan, in mutum ya tambaye ni wane iri ya fi, nakan fara tambayarsa wanne ne yake da masu gyaransa kusa da shi.

Na haɗi kuwa shi ya fi rikita ni, kuma shi Baba ya fi so, don ba ya son rabuwa da injin da ya sani. Injin Gold Wing mai silinda shida ne, kusan cc 1,800, yana da ƙarfin jan ƙarin nauyin ba tare da nishi ba. Amma kuɗin kayan haɗin da aikin dasawa da fenti kan iya kai kuɗin wani babur na hannu sukutum. Bayan haka sai a ce maka kan ya yi nauyi, sai an canza kusurwar ƙafar gaba kafin ya juyu cikin sauƙi, ga wani kuɗin. Sannan ka zama mai iyayen gida biyu. Wani abokin cinikinmu ya zo da ƙara a baya, kamfanin da ya dasa aksil ya ce matsalar daga babur ne, masu babur suka ce tun da aka taɓa shi garantinsu bai kai nan ba. Mutumin ya yi wata biyu yana zarya, ƙarshe shi ya biya. Ga kuma inshora: in ba ka sanar da su an yi haɗi ba, ranar da tsautsayi ya faru kuɗin babur mai taya biyu za su lissafa, in ma sun yarda su biya.

Maganar lasisi na wuce ta da sauri, don kowace ƙasa da dokarta. A Tarayyar Turai tun 2013 an mai da masu taya uku ƙarƙashin lasisin babur, ko da yake wasu ƙasashen sun bar mai lasisin mota da ya kai shekara 21 ya hau. A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Baba yana da lasisin babur, don haka na tsallake.

Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban kuɗin ba ya zuwa da rasit, shi ya sa masu babura ba sa ganinsa: faɗuwar daraja. Ranar da sabon babur ya fito daga shago ya fara zubar da kuɗi, ko ana hawansa ko yana lulluɓe. Haɗa wannan da inshora da sabunta takardu da sabis na shekara, za ka ga akwai wani dunƙulen kuɗi da ba ruwansa da tafiya. Wanda ya yi kilomita 2,000 a shekara da wanda ya yi 10,000 dunƙule ɗaya suke biya, sai dai na farkon kowane kilomita ya tsaya masa ninki biyar. Kuma ajiya ba ta hana lalacewa. An taɓa kawo mana wani da mitarsa ba ta kai 3,000 ba, yana ƙyalli kamar yau aka sauke shi daga kwali, mai shi yana alfahari da zanen tayoyinsa. Bakanikenmu ya durƙusa, ya goge gefen tayar da babban yatsa, ya nuna masa lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar ta tsufa a tsaye, gefenta ya fara tsattsagewa. Batir ya mutu, man tanki ya yi tsami, ruwan birki da ake so a canza duk shekara biyu ya yi duhu. Rasit ɗinsa ya fi na waɗanda suke yawo da nasu kauri.

Na haɗa duk wannan a shafi biyu, layi-layi, gefe ɗaya babur mai taya biyu, ɗaya gefen mai uku. Ko'ina mai uku ya fi tsada. Na ja layi a ƙasa ina jin kaina, na ce, "Baba, gaskiya taya ta ukun nan asara ce. Gara ka riƙe naka."

Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Ka iya lissafi, amma ba nawa ka yi ba. Wannan gefen na mai taya biyu, wa zai hau shi? Tun ranar da muka faɗi matata ta ce ta gama. Ni ma in na hango danja gabana faɗuwa yake."

Na rasa ta cewa. Kwana biyu ina kwatanta abin da zai saya da abin da ya riga ya fita daga hannunsa. Zaɓinsa na gaskiya tsakanin mai taya uku ne da rataye hular kwano a bango, kuma babu wannan a shafina. Babban bakanikenmu, wanda yake jinmu daga ƙarƙashin wani babur, ya miƙe yana goge hannu ya yi masa tambayoyin da ya kamata in fara da su. Kilomita nawa kake yi a shekara? Kullum da goyo? Hannunka na hagu yana iya matse kuloci a cunkoso? Ƙofar inda kake ajiyewa faɗinta nawa? Wannan ta ƙarshen ta ba ni dariya, sai da na tuna faɗin wasu ya kai mita ɗaya da rabi. Amsar Baba ta nuna yana tafiya sosai, wato dunƙulen kuɗin nan zai rabu a kan hanya mai tsawo, kuma yatsunsa ma sun fara ƙagewa da sanyin ƙashi. Wannan ya karkata shi zuwa mai biyu a gaba, wanda ake sa masa giya da maɓalli ba kuloci, birki kuma feda ɗaya ce ta ƙafa mai kama tayoyin uku, ga ribas. Bakaniken ya ba shi shawara ya nemi na hannu mai cikakken tarihin sabis, wanda wani ya riga ya sha faɗuwar darajar shekarun farko.

Akwai kuma wani kuɗin da ba na aljihu ba, wanda na gani da idona ranar da ya kawo mai taya ukun da ya saya filin bayan gareji. Mutumin da ya shekara arba'in a kan babur ya koma ɗan koyo. A mai taya biyu, in kana gudu kana son bin dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, babur ya kwanta ya bi. Jiki ya haddace wannan har ba ya tunani. A nan kuwa in ka yi haka hagu za ka nufa. Sai ka juya kan da ƙarfin kafaɗa, kwana kuma tana jefa ka waje maimakon ta rungume ka. Zagayen farko ya nufi tulin tsofaffin tayoyi, hannunsa na dama yana lalubar birkin da babu shi, da ƙyar ya tuna feda. Da ya tsaya kuma sai ya sauke ƙafa ƙasa, bakanike ya daka masa tsawa, domin ko da nasa mai biyu a gaba ne, a mai biyu a baya wannan al'adar kan sa taya ta taka mutum. Ya ɗora masa da cewa ya manta da kauce wa rami irin na da: yanzu sawu uku yake bari a ƙasa, in ya tsallake rami da tayoyin gaba, ta baya ce za ta faɗa.

Ni dai daga ranar na sake tsarin takardata. Layin farko ya daina zama sunan babur, ya koma tambayoyin bakanike, sannan lissafi ya biyo baya. Akwai waɗanda takardar ta hana su saye, kuma na ga daidai ne: wani matashi mai ƙoshin lafiya da ya yi sha'awar abin don kyansa, da muka duba sai ga shi ba ya fita sai sau biyar ko shida a shekara, ya ga hayar kwana biyu in ta taso ta fi masa.

Baba ya dawo bayan wata goma sha ɗaya. Na leƙa mita na rubuta, bakanike ya zagaya baya ya shafa tsakiyar tayar, ya ce ta gama aiki. Na haɗa kuɗin taya da saitin gaba da juyen baƙin mai, na miƙa masa rasit ina satar kallon fuskarsa. Ya yi tsaki, ya ce tayar nan ta fi shi ci, ya zaro kuɗi. Matarsa na zaune a kujerar baya ba ta ko sauko ba, hular kwanonta a cinya, tana tambayar ko za a gama kafin rana ta yi, don suna da sauran tafiya.