Idan iskar sama ta lanƙwashe

Duk sa'ad da zafi ya ƙi tafiya kwana da kwanaki, a duba sama. A tsayin kilomita 9 zuwa 12 akwai iska mai gudu daga yamma zuwa gabas. Idan ta lanƙwashe sosai, sai iska mai nauyi ta kafe wuri guda. Tana saukowa tana ƙara zafi, kusan digiri 10 kowane kilomita. Gajimare ya watse, ƙasa ta bushe ƙarau, ba danshin da zai sanyaya ta. Haka garin Lytton na Kanada ya kai digiri 49.6 a Yunin 2021. Abin tausayi, washegari gobara ta cinye yawancinsa.

Lanƙwasar nan ce kuma ke janyo sanyin ƙuryar arewacin duniya zuwa kudu, kamar yadda jihar Texas ta Amurka ta daskare a Fabrairun 2021.