Godiya ga waɗanda suka taya mu jinyar Hajiya a lokacin kulle

Assalamu alaikum.

A madadin 'ya'ya da jikokin mahaifiyarmu Hajiya, wadda Allah Ya yi wa rasuwa bayan ƙaramar Sallah, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyarta. Ciwon daji ne ya ci ƙarfinta. Tun farkon shekarar 2020 likitoci suka faɗa mana gaskiya cewa magani ya kai iyakarsa, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi, a kula da tsabtarta. Ita kuma ta ce a mayar da ita ɗakinta. Muna cikin haka korona ta ɓulla a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar kulle ranar 16, bayan mako guda azumi ya kama.

Wanda yake Kano ya san yadda watan ya kasance. Kullum sai sanarwar rasuwar dattawa, asibitocin kuɗi da dama sun rufe ƙofa. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari da hannun korona a ciki. To ina ga tsohuwar da daji ya riga ya gama da ƙarfin jikinta?

Godiyarmu ta farko ga Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa gida. Ta hana ni ambaton sunanta, amma ba ta hana ni faɗin aikinta ba. Kafin ta fito daga gidanta sai ta buga waya: akwai mai zazzaɓi? Akwai mai tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi? A zaure take cire takalmi, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta ɗaura takunkumi, ta sa safar hannu, sannan ta yi sallama. Ita ta ce mutum biyu kacal za su riƙa shiga ɗakin, ni da Yaya, kuma taga ta zauna a buɗe dare da rana, sai dai a saki gidan sauro. Ta ware wa Hajiya kofinta da cokalinta da butarta. Ta nuna mana yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi don kada gyambon kwanciya ya fito, da yadda ake zubar da jakar fitsari ba tare da bakinta ya taɓa bokiti ba. Lokacin da Hajiya ta kasa haɗiya, ita ta koya mana jiƙa mata leɓe da auduga. Ranar da Sista ta tashi da mura kuwa, ƙin zuwa ta yi, ta tsaya a waya tana gaya wa Yaya yadda zai sauya bandeji. A lokacin mun ji ba daɗi. Yanzu ina ganin cikin alherin da ta yi mana har da wannan.

Muna godiya ga likitan da yake ɗaga waya ko da lokacin sahur ne, da mai kemis ɗin unguwarmu da yake ajiye mana safar hannu da takunkumi sa'ad da suka yi wuya, da ɗan adaidaita sahun da yake kai takardar magani ranakun Litinin da Alhamis da aka sassauta kulle.

Sai ku 'yan uwa. Gwaggo, Kawu, Inna, na san abin da muka roƙe ku yana da nauyi. A ce 'yar uwarka tana kwance a hana ka dubiya, wannan ba tarbiyyar gidanmu ba ce, kuma na ji maganganun da aka yi. Amma kun daure. Gwaggo takan tsaya a tsakar gida ta bakin taga, ta ce wa Hajiya "Yaya, ya jiki?", Hajiya ta ɗaga mata hannu, sai Gwaggo ta ajiye kwanon kunu a bakin ƙofa ta juya tana share hawaye. Jikoki suna karanta mata Yasin ta waya. Allah Ya saka wa limamin masallacinmu, wanda ya kira dattawan dangi ɗaya bayan ɗaya ya tuna musu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa. Maganarsa ce ta kashe gardamar. Cikin ikon Allah har Hajiya ta cika babu wanda ya kwanta rashin lafiya a gidan, ita ma numfashinta bai taɓa sarƙewa ba. Ta cika a kan gadonta, Yaya yana laƙƙana mata kalmar shahada.

Muna godiya ga matan da suka yi mata wanka da sutura, da masu haƙar kabari waɗanda wannan shekara ta gajiyar da su, da 'yan tsirarun da suka sallace ta, da ɗimbin waɗanda suka haƙura da zaman makoki suka yi ta'aziyya ta waya. Allah Ya ba kowa lada, Ya jiƙan Hajiya da sauran musulmi, Ya yaye mana wannan annoba.

Duk wanda yake bin Hajiya bashi, ko yake da ajiya a wurinta, ko adashen da bai ƙare ba, don Allah ya kira Yaya ko ni a waya, ba sai ya zo gida ba.