Godiya: bayan wata goma sha ɗaya ƙafar ta sake ɗaukata

Alhamdulillahi. Jiya Asabar bayan sallar Asuba na yi gudun kilomita 5 ban tsaya ba. Da na dawo sai na zauna a dakalin ƙofar gida ina jiran in ji ta inda zafin zai ɓullo, har rana ta fito bai ɓullo ba. Amma ban yarda ba sai yau da asuba, da na sauke ƙafar dama daga gado ta taɓa siminti ban ji wannan sukar a dunduniya ba. Duk wanda ya yi ciwon jijiyar tafin ƙafa ya san takun farko na safe shi ne alƙali. Shi ya sa sai yau nake rubuta wannan.

Kun san labarin, ba zan maimaita ba. Tun Nuwamban 2024 ake abu ɗaya: ciwon dunduniya da na raina, ƙwayoyin kashe zafi da nake sha in ci gaba da atisaye saboda gasar gudun fanfalaki ta Legas ta Fabrairun 2025, kilomita 42 da ɗoriya da na shekara biyu ina buri, sannan tsagewar ƙashin bayan yatsa na biyu a watan Janairu. Daga baya likita ya fahimtar da ni cewa saboda ina gudun taka dunduniya sai na riƙa jibga nauyina a gaban ƙafa, har siririn ƙashin ya gaji ya tsage. Na gaji ƙwarai, jiki da zuciya.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne tsoron da na kwana da shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ciwon suga ne ya ci ƙafarsa, ni na riƙe shi ranar da aka fito da shi daga tiyata. Dalilin da ya sa na fara gudu ke nan tun farko, don kada in bi wannan hanya. To da hoton ƙashi na farko ya fito ba a ga komai ba, ga ƙafa a kumbure, ga zafi ko zanin rufa ya taɓa ta, sai zuciyata ta tafi can. Na tuna shi ma da ƙafa ya fara. Daren nan na zauna a tsakar gida cikin hunturu ina haska yatsuna da fitilar waya, ina duba ko launinsu ya sauya. Maman yara ta fito ta same ni a haka. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta koma ta ɗauko bargo ta lulluɓa mini, ta zauna a gefena har aka kira assalatu. Washegari ita ta matsa aka gwada sugan, ya fito lafiya. Sai bayan mako uku da aka sake hoto tsagewar ta bayyana, likita ya ce irin wannan tsagewa sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai ƙashi ya fara haɗewa. Wallahi ranar da aka ce mini ƙashi ne ya tsage, murna na yi.

Maman yara, na san ba ki son a ambace ki a bainar jama'a, amma yau kam ki yi haƙuri. Ke kika riƙa saka gorar ruwa a firji ta daskare don in murza a tafin ƙafa, ke kika hana ni taka siminti ba takalmi ko zuwa banɗaki ne, ke kika jure ɓacin raina na mutumin da ya saba fita aka zaunar da shi. Allah ya saka miki da Aljanna, ya jiƙan iyayenki, ya raya mana zuri'a.

Sai Baba Ladan na masallacin layinmu. Azumin bana ya same ni cikin takalmin asibitin nan mai tauri da aka ce in yi mako shida a ciki. Ba na iya lanƙwasa yatsu in yi sujada, balle in kafe ƙafar dama a zaman tahiya. Kunya ta sa na daina zuwa jam'i, ina ganin ƙato kamata ya zauna a kujera dattawa suna tsaye. Ranar uku ga wata bayan shan ruwa sai ga sallama. Baba ne, mutumin da ya haura saba'in, riƙe da kujerar roba da ya ɗauko daga ɗakinsa. Ya ce, "Ɗana, tashi mu je. Wanda ya ba ka ciwon shi ya ba ka rangwamen." Ya hana kowa karɓar kujerar, shi ya kai ta ƙarshen sahun farko ya ajiye. Haka ya yi kowane dare har aka ga watan Sallah, ya kai ta kafin Isha, ya mayar bayan asham. Daren farko ban iya bin karatun liman ba, hawaye nake yi. Baba, ban da abin da zan biya ka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya sa kiran sallar da ka shekara da shekaru kana yi ya yi maka shaida ranar gobe.

Ina godiya ga likitoci da ma'aikatan Asibitin Ƙashi na Dala, musamman 'yar'uwar da ke sashen gashin ƙashi, wadda ta koya mini miƙe sharaɓa a jikin bango da ɗaga dunduniya a bakin matakala, kuma ta faɗa mini gaskiya cewa jijiyar tafin ƙafa kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, kafin ta huce. Ita ce ta juya takalmin gwanjon da nake gudu da shi ta nuna mini yadda ƙasansa ya cinye ta gefe ɗaya, ta ce ko sabo ne in ya ci kilomita 600 zuwa 800 ya gama aikinsa. Allah ya albarkaci hannuwanku.

'Yan gudun Asuba, Dogo da Malamin Lissafi da sauranku: a watan Yuni da aka ba ni izinin tafiyar minti 20 kawai, kun bar gudunku kun riƙa takawa da ni a hankali daga Ƙofar Na'isa, Asabar bayan Asabar, ba wanda ya taɓa duba agogo a gabana. Maƙwabcina mai adaidaita sahu da ya kai ni Dala ba adadi ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah ya buɗa maka, ya tsare ka a kan hanya.

Akwai 'yan'uwa na jini da muke gari ɗaya, waɗanda har yau ban ga ƙeyarsu ba. Saƙon da ya iso ni daga wajensu shi ne, wa ya aike ni gudu da girmana. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na yafe, Allah ya bar zumunci.

Ya Allah, duk wanda ya kira, ya turo saƙo, ya yi mini addu'a a ɓoye, ka biya masa buƙatunsa. Marasa lafiyar da na bari a layin Dala, masu karaya da waɗanda aka yanke wa gaɓa, ka ba su sauƙi da haƙuri, ka hore musu kuɗin magani. Ka jiƙan mahaifinmu, ka haskaka kabarinsa.

An ce in tsaya a kilomita 5 na tsawon wata guda kafin in ƙara ko kaɗan, kuma zan bi. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, mu haɗu a Ƙofar Na'isa bayan an idar da Asuba.