Man aksul ɗin motar gudu: abin da kauri bai gyara mini ba

A garejojin Gombe akwai maganar da kowane yaron bakanike ya haddace, wai garinmu da zafi, saboda haka a zuba mai mai kauri. Tsohuwar Fijo 504 ko motar ɗaukar kaya ba kasafai wannan maganar take cutar da su ba. Amma ku ƙannena da kuka fara ɗauko motocin gudu daga Kwatano, irin su Mustang da BMW da Toyota 86, da wannan karatun na yi asarar kuɗi, kuma ba na so ku bi sahuna.

Tawa Mustang GT ce ta 2008. Da lokacin canjin man aksul ya yi, na miƙa makulli na koma gindin darbejiya ina latsa waya. Bakaniken ya aiki yaro ya sayo mai mai kauri EP 140 na juye, wanda ake aunawa daga duro. Na tambaye shi ko ya dace, ya ce, "Alhaji, shi muke zuba wa kowa." Ban ƙara magana ba, don a lokacin ni ma ban san abin da ke cikin aksul ɗina ba.

Ga abin da ke ciki. Farfela tana kawo juyi daga giyabos zuwa wani ƙaramin giya, shi kuma ya juya babban faranti mai haƙora. Haƙoran nan gogar juna suke yi da matsanancin ƙarfi, shi ya sa ake buƙatar mai mai lambar GL-5, wanda aka haɗa da farar wuta da fosfaras don su yi wa ƙarfen rufi. Warin da kuke ji idan an buɗe galan daga nan yake. Har zuwa nan EP 140 bai yi laifi sosai ba. Inda ya yi shi ne, aksul ɗin motata mai kuloci ne a ciki, irin wanda ake kira LSD. Jerin faifai ne da ke riƙe tayoyin baya biyu don kada ɗaya ta riƙa juyawa a banza idan ka taka totur. A kwana kuwa dole faifan su ɗan zame wa juna, tunda tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Idan man ba shi da sinadarin da ke sa su zame a hankali, sai su riƙa kamawa suna saki, kamawa suna saki.

Haka kuwa aka yi. A miƙaƙƙiyar hanya motar lafiya lau. Da na zo shataletale ko zan juya a ƙofar gida, sai bayan ya ɗauki gurnani da karkarwa. Aka ce boris ne, na saya. Aka ce robobin ƙafa ne, na saya. Babu wanda ya kawo maganar mai, ni ma ban kawo ba, ai sabo ne. Sai da na sauke littafin motar daga intanet na ga abin da Ford, kamfanin da ya ƙera ta, ya rubuta: mai na sintetik 75W-140, a ƙara masa mililita 118 na sinadarinsa mai suna XL-3. Ƴar ƙaramar kwalba ce, kuɗinta bai kama ƙafar abin da na kashe a kan boris ba.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai. Da na samu sinadarin, na ce tunda shi ne maganin bari in ƙara, alhali man da na sayo ma da tambarin LS a jikinsa, wato an riga an haɗa shi da irinsa. Gurnani ya tafi, amma riƙo ma ya bi shi. Santsin ya yi wa faifan yawa, in na tashi a kan yashi sai taya ɗaya ta yi ta watsa ƙasa ɗayar tana tsaye. Sai da aka sake juyewa. Idan man naku mai LS ne, ku fara gwada shi haka nan. Ku sami fili ku yi ta zagaye a hankali, dama da hagu, don man ya ratsa tsakanin faifan. In karkarwar ba ta tafi ba, sannan a ƙara sinadarin kaɗan-kaɗan.

To yaya mutum zai san irin aksul ɗinsa? A ɗaga tayoyin baya biyu, a sa giya a firi, ka juya ɗaya da hannu. In ɗayar ta bi ta gefe guda, mai kuloci ne. In ta juya ta baya, ko dai na gama-gari ne ko kuma Torsen, wanda da giyoyi yake riƙo, babu faifai. Toyota 86 da Subaru BRZ Torsen gare su, kuma 75W-85 GL-5 aka rubuta musu, ba su da buƙatar wancan sinadarin. BMW M3 ƙirar E46 kuwa 75W-140 take sha. Kun ga motoci uku, mai kala-kala, duk kuma rana ɗaya ce take dukansu a hanyar Kaltungo.

Maganar zafi ba ƙarya ba ce. A Maris da Afrilu Gombe tana haura digiri 40, kuma wanda ya ɗauki hanyar Bauchi ta Alkaleri da ƙafa a kan totur, aksul ɗinsa zai yi zafin da hannu ba ya taɓawa. A lambar mai irin 75W-140, lamba ta biyu, 90 ko 140, ita ce ke nuna kaurin man a digiri 100. Ta farko mai W ta sanyi ce, mu nan ba ta dame mu ba. Amma in kamfani ya ce 85 ko 90 ka zuba 140, motar za ta ƙara jan fetur, kuma man mai kauri da kansa yana tara zafi saboda wahalar kaɗa shi. A ganina gara ka tsaya a lambar littafi, ka sayi sintetik na gaske mai hatimi a murfi, ka kuma riƙa canzawa da wuri fiye da yadda aka rubuta. Jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma man juye ba ka san kakansa ba.

Kada ragowar GL-5 ta shiga giyabos na hannu sai littafi ya yarda. Da yawansu GL-4 suke so, saboda zobban tagulla da ke daidaita shigar giya ba sa shiri da yawan farar wuta. Nawa ma abin mamaki, man giyar otomatik aka rubuta masa.

Ranar canji ku tsaya a kan motar da kanku. A fara kwance notin zubawa kafin a taɓa na juyewa, don in aka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwantuwa, mota ta kwana a gareji. Aksul ɗin Mustang irin tawa ba shi da notin juyewa ma, murfin baya ake cirewa a goge a mayar da gam, kuma yana cin kusan lita 2. Motar ta tsaya daidai, ba a karkace a kan jak ɗaya ba, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Ku kalli man da ya fito. Baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisun noti ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji alamar haƙori ya fara ci ne. In kuwa ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga ta bututun numfashin aksul. Wannan yakan faru da damina, in aka kutsa kwazazzabo da aksul mai zafi, sanyin ruwan ya sa ya zuƙo shi ciki. Duk wanda ya ratsa ruwa har ya kai tsakiyar taya a watan Agusta, ya sa a buɗe a duba a makon, ko da jiya aka zuba man.