Muryar Kaka a cikin abin kiɗan Baffa

Kwana uku da fitar Inna daga takaba ta aiko a kira ni. Na rufe shago bayan la'asar, na hau moto zuwa gidan. Na same ta a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya. Da muka gama gaisawa ta shiga ɗaki, ta fito da wani abu naɗe a cikin ɗankwali, ta ajiye a gabana.

"Ɗan nan, abin kiɗan Baffanka ne. Muryar Kakarku na ciki. Ka fitar mini da ita tun bai lalace ba."

Tun kafin na warware ɗankwalin na san abin. iPod ne baƙi, mai giga 80, irin wanda kamfanin Apple ya fitar a 2007, bayansa duk ya sha karce. Baffa ya saye shi na hannu a Duwala, nan ƙasar Kamaru. Allah ya jiƙansa, shekara talatin ya yi yana jan babbar mota. Ya ɗauki kaya a Gaundare, inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare, ya gangaro Garwa, ya wuce Marwa da Mora da Waza, ya tsallake gada a Kusuri ya shiga Njamena. Duk tsawon wannan hanya abin nan ne abokin hirarsa. Yana da wani kaset mai waya a jiki, ya tura shi cikin rediyon mota, ya soka bakin wayar a iPod, sai kiɗa ya cika gaban mota. Na taɓa bin shi sau ɗaya ina saurayi. Har yau in na ji goge da dare, hanyar Waza nake tunawa.

Labarin muryar Kaka kuwa ga shi. A bikin Baffa da Inna, a 1986, wani maƙwabci ya zo da rediyo mai kaset ya ɗauki daren kamu gaba ɗaya: makaɗan kalangu, zabiya, guɗar mata, da Kaka tana jero kirarin gidanmu tun daga kakan kakanta da ya baro Katsina da fatauci. Da Baffa ya sayi iPod, ya kwashi wannan kaset da wasu irinsa ya kai wa wani yaro a Marwa, yaron ya juye su cikin kwamfutarsa ya zuba masa a ciki. Kaset-kaset ɗin an mayar da su akwatin ƙarfe. Wanda ya san zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san abin da zai samu kaset a akwatin ƙarfe. Da muka buɗe bara, zaren ya manne da juna, in ka ja sai ya tsinke. Shagon yaron Marwa kuma an daɗe da tashinsa. Ke nan duk duniya muryar Kaka a wuri ɗaya ta rage, a cikin wannan ɗan abu da batirinsa ba ya riƙe wuta ko na minti biyar.

Ni tela ne. Inna ta zaɓe ni ne don ina da kwamfutar cinya da nake ajiye zanen surfani a ciki. Wayar haɗi ce ba ni da ita, domin bakin iPod na wancan zamani faffaɗa ne, mai haƙora 30, ba ya shan cajar wayoyin yanzu. Washegari na nufi babbar kasuwa wajen masu tura waƙa. A tebur na huɗu aka samu wayar a ƙasan wani kwali. Yaron ya ce in kawo ya gwada. Yana haɗawa manhajar iTunes ta buɗe da kanta, wani ɗan akwati ya fito a allo da rubutun Faransanci, maɓalli biyu a ƙasa: *Annuler* da *Effacer et synchroniser*. Hannunsa ya riga ya kai linzami kan na biyun. Na damƙe wuyan hannunsa.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Karanta abin da aka rubuta."

Bai karanta ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Yaro ne da ke cika memori hamsin a wuni, ya saba da danna duk abin da ya fito don aiki ya wuce. Amma *effacer* gogewa ce. Da ya danna, da an share duk abin da ke cikin iPod ɗin an maye shi da waƙoƙin kwamfutarsa. Jikina rawa yake yi lokacin da na biya kuɗin wayar, jaka biyu, na naɗe abina na tafi.

Da dare na kira ƙanina da ke karatu a Jami'ar Gaundare, shi ya warware mini yadda abin yake. An gina iPod ne a kan hanya ɗaya: waƙa ta fito daga kwamfuta ta shiga cikinsa. Yana ɗaukar kwamfuta ɗaya a matsayin uwar ɗakinsa, in ka haɗa shi da wata daban sai a tambaye ka ko a goge shi a daidaita shi da sabuwar. Uwar ɗakin na Baffa ita ce ta yaron Marwa, wadda ba wanda ya san inda take. Ya ce, "Yaya, waƙoƙin suna nan daram, ɓoye su kawai aka yi. Akwai iTunes a kwamfutarka?" Na ce babu. Ya ce to kada in saka, haka ya fi. Wanda yake da ita kuwa, a kan Windows, sai ya danne Shift da Ctrl tare lokacin da yake haɗa wayar, kada ya saki har sai abin ya bayyana, don kada ya fara daidaita kansa.

Na jira har batirin kwamfuta ya cika, saboda wutarmu ba ta da tabbas a watannin zafi, kuma yankewar wuta ana tsakiyar kwafa na iya ɓata abin da ke ciki. Na yi bisimilla na haɗa. Shiru. Allon iPod ya kawo hoton tuffa ya tsaya. Ƙanina ya ce in danne maɓallin tsakiya da na Menu tare har ya sake tashi, da zarar tuffar ta fito in koma in danne na tsakiya da na kunna waƙa. Hakan na sa shi ya zama kamar filas, abin da muke ce wa kile a nan. A karo na biyu ya yi. Na ji wani ɗan ƙara daga cikinsa, ƙas, ƙas, sannan ya bayyana a kwamfuta.

Wannan ƙarar ta tsorata ni, kuma da dalili. Irin wannan iPod ɗin faifai ne a cikinsa mai juyawa, ɗan ƙarami, da allura mai karantawa, kamar na tsofaffin kwamfutoci. Abin da ya sha ramukan hanyar Mora zuwa Kusuri shekara da shekaru, ya sha ƙurar hunturu, in ya fara ƙas-ƙas to kwanansa ya kusa.

Na buɗe shi, ban ga waƙa ko ɗaya ba, sai wasu folda uku ko huɗu da ba komai a ciki. A nan mutane da yawa suke yanke ƙauna. Abin yi kaɗan ne. Windows ɗina na Faransanci ne, sai na shiga *Affichage* a sama, na sa alama a *Éléments masqués*, wato a nuna ɓoyayyun abubuwa. Nan take wata folda mai dusashen launi ta fito, iPod_Control. A cikinta akwai Music. A cikin Music akwai folda hamsin, daga F00 zuwa F49, kowace cike da fayiloli masu sunan haruffa huɗu da ba su da ma'ana, irin su KQTB da ZMWA. Fiye da dubu uku.

Wani gargaɗi da ya wajaba in faɗa: in tun farko da kwamfutar Mac aka shirya iPod ɗin, Windows ba zai iya karanta shi ba, zai ce a bari ya yi masa fomat. Kada a yarda. A cire a nemi mai Mac. Kuma wannan hanya ta tsofaffin iPod ce, ba ta aiki a iPod touch ko iPhone. Su kuwa ƙananan na'urorin MP3 na ƙasar Sin da muke saye a kasuwa ba su da wannan wahala: ka haɗa, ka buɗe, ka ga waƙoƙinka da sunansu. Abin tsoronsu ɗaya ne, cutar kwamfutar nan da ake kwasowa a shagunan intanet, mai ɓoye fayil ta bar maka inuwarsa.

Niyyata in kwashe Music gaba ɗaya lokaci guda. Ƙanina ya hana. Ya ce da faifan da ke ƙas-ƙas, abin da ya fi daraja ake fara cirewa. Na ce ta yaya zan gane muryar Kaka a cikin fayil dubu uku marasa suna? Ya ce in duba nauyi. Waƙar MP3 ta yau da kullum kusan mega ɗaya take ci a minti ɗaya, waƙar minti biyar mega biyar ke nan ko kusa da haka. Amma masu juye kaset sau da yawa a tsarin WAV suke bari, shi kuma wajen mega goma yake ci a minti. Gefe ɗaya na kaset mai minti 90 minti 45 ne, zai haura mega 400. Na rubuta *.wav a gurbin bincike. Fayil 22 suka fito, manya-manya, kamar shanu a cikin garken awaki.

Ɗaya bayan ɗaya na kwafe su. *Copier* nake dannawa, wato kwafa, ban kusanci *Couper* mai cire fayil daga wurinsa ba, don in wani abu ya faru a hanya na asali yana nan. Ina zaune a ƙasa da ƙarfe ɗayan dare, na ɗora iPod ɗin a kan ƙyallen shadda, na juya masa fanka, ina kallon koren layin nan yana rarrafe. Duka 22 suka fita lafiya. Sai a lokacin na tashi na sha ruwa.

Sauran na bi su folda-folda, F00, F01, har ƙarshe, cikin dare biyu. Fayil shida sun ƙi fitowa, faifan ya yi ta ƙara a kansu, na tsallake su. Sunayen MP3 ba su ba ni wahala ba, don sunan waƙa da na mawaƙi a cikin fayil ɗin kansa suke. In ka sa Windows ya nuna *Titre* da *Album*, sai ka ga ZMWA ashe waƙar garaya ce da Baffa ke so. Akwai na Hausa, na Fulatanci, na Larabcin Chadi, na Kanuri, akwai karatun Alƙur'ani da wa'azi. Mutum ne da ya rayu a kan hanya, kunnensa ya ɗauko daga kowane zango.

Na WAV su ne ba su ɗauke da suna. Sunayen da Baffa ya sa musu a cikin kundin iPod ɗin suke, ba su biyo fayilolin ba. Dabarar da na yi: na cire shi ta hanyar *Éjecter*, na haɗa shi da cajar bango, na bi jerin a ɗan allonsa ina rubuta suna da tsawon kowanne a littafin awon kwastomomi. "Biki 1", minti 44 da daƙiƙa 12. "Biki 2", 45 da 3. Sannan na koma kwamfuta na nemi fayil mai wannan tsawon na sa masa suna. Takwas na samu haka. Ina kan na tara allon ya ɗauke, ya kawo hoton da'ira da ja a ciki. Tun daga ranar bai sake tashi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki kwamfutar da 'yar lasifika na tafi wajen Inna. Goggo ma ta zo, da matan gida. Na kunna "Biki 2". Da fari sai shuu irin na tsohon kaset, da kukan wani jariri, da muryar namiji yana cewa a matso da fitila. Kalangu ya shigo. Can wajen minti na goma sha ɗaya kiɗa ya lafa, wata murya siririya mai ƙarfi ta tashi. Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, Iya ce." Ina da shekara shida Kaka ta rasu. Fuskarta na sani a hoto, amma muryar ta ɓace mini sam. Na zauna ina jin ta tana kiran sunayen mutanen da muka fito daga tsatsonsu, ɗaya bayan ɗaya, mata na amsa mata da guɗa. Inna ba ta ce komai ba. Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, da ya ƙare ta ɗaga yatsa alamar in sake.

Sau uku muka ji. A na ukun Goggo ta ce jaririn nan mai kuka ni ne.

Ban bar su a kwamfutata kaɗai ba, don ita ma faifai ne a cikinta, kuma a shago take kwana cikin zare da ƙura. Na sayi kile biyu, ɗaya na wajen Inna a cikin kwallarta tare da iPod ɗin, ɗaya na ba wani direba abokin Baffa ya kai wa 'yar Baffan da ke aure a Njamena. Ƙanina ya mayar da na bikin zuwa MP3 don su yi sauƙin turawa ta WhatsApp, amma na WAV na asali ban taɓa su ba. Wani mai tura waƙa da ya ji labari ya zo har shago yana so in sayar masa da tarin gaba ɗaya. Na ba shi haƙuri. Waƙoƙin mawaƙa ba nawa ba ne balle in sayar, muryar Kaka kuwa ba ta tebur ɗin kasuwa ba ce.

Saura fayil 14 da ba su da suna. Wasu kiɗan goge ne da aka ɗauka a wani taro, ana jin ana kiran sunayen mutane ana yi musu liƙi. Inna ta gane uku, ta ce sauran kafin aurenta ne. Akwai ƙanwar Kaka a Pitowa, kusa da Garwa, ta haura tamanin, idonta ya tafi amma kunnenta garau. Lahadi mai zuwa ranar kasuwar Pitowa ce, mota ba ta wuya. Na riga na yi cajin lasifikar, littafin awon ma yana cikin jaka.