Kafin ka bar tsohon aiki ka koma AI

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, tambayar da ta fi zuwa mini yanzu ita ce: "Yaya, in bar Java da PHP in koma ƙirƙirarriyar basira?" Wato su bar tsofaffin harsunan rubuta manhaja su koma AI. Koma mana, amma ka tafi da kayan aikinka. Ni hannu rabbana na tafi, kuma na ji a jikina.

Aikin da na fara da shi a Abuja ba irin wanda ake alfahari da shi a Facebook ba ne: manhajar albashi, shafin biyan kuɗin makaranta, rumbun bayanan ma'aikata. Da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, wato TSA, a 2015, mun sha haɗa shafuka da Remita, manhajar da ake biyan kuɗi cikin asusun ta hanyarta, muna raba dare wajen neman inda 'yan nairori suka maƙale tsakanin rasit da rumbu. Akwai gundura, amma akwai horo. Ba a sakin komai sai an gwada, kowane motsi yana shiga rajista, kuma kullum akwai hanyar komawa baya idan sabon abu ya rushe.

Da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, duk wannan horon ya fita daga kaina. Wani kamfani a Wuse ya nemi mataimaki na AI da zai riƙa amsa wa abokan ciniki ta WhatsApp. Tsarin ba wuya: manhaja ta lalubo sakin layin da ya dace daga takardun kamfanin, ta miƙa wa injin harshe, wato AI mai rubutu irin na ChatGPT, shi kuma ya tsara amsa. Ranar nuni na yi masa tambayoyin da na riga na san yana iyawa. Manaja ya tafa, ya ce a saka. Ni da ba na sakin shafin rasit ba gwaji, na saki wannan da "ai na ga yana aiki".

Mutanen gari ba sa rubutu irin na ɗakin taro. Rabi Hausa, rabi Turanci, a gajarce, wani ma saƙon murya zai turo yana cikin keke napep. Wata baiwar Allah ta tambaya ko za a mayar mata da kuɗinta bayan wata guda. Lalube bai gano dokar kamfanin ba, wadda ta ce mako biyu ne. Injin kuwa kamar yaron shago ne mai daɗin baki da ba ya taɓa cewa "ban sani ba". Ya ce mata ƙwarai za a mayar, har da ban haƙuri. Ta iso ofis da hoton hirar a wayarta, ta ajiye a kan teburin akanta. Aka biya ta, kuma ita ce da gaskiya. Ko a Kanada, a Fabrairun 2024, haka aka yanke wa Air Canada: mataimakin shafinsa ya faɗa wa fasinja ƙa'idar rangwame da ba daidai ba, aka ce kamfanin ne da alhaki.

Dalilin ƙaryar da namu ya yi wa matar shi ne, injin hasashen kalma ta gaba yake yi, ba karanto amsa daga rumbu ba. Tambaya ɗaya, yau ya amsa haka, gobe ya sauya. Saboda haka gwajinsa ya fi na tsohon aiki wahala, kuma ya fi zama dole. Ka tara ainihin tambayoyin mutane da duk kurakuran rubutunsu, ka zauna da ma'aikatan da suka san aikin su rubuta amsar gaskiya, ka riƙa gudanar da jerin duk sanda ka taɓa umarnin injin ko masu shi suka sabunta shi. Ka kuma buɗe masa ƙofar cewa "bari in haɗa ki da ma'aikaci". Abin da ya fi ba ni kunya ma, ban ajiye rajistar sakin layin da aka miƙa masa ba, sai na rasa gane ko lalube ne ya kasa ko injin ne ya shirga ƙarya. Yaron da na horar a aikin albashi ba zai yi wannan gangancin ba.

Sai kuɗi. Kwangila da naira na sa hannu, injin kuwa da dala ake biyansa. Da aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ƙari a kan haka, lissafin da gutsattsarin kalmomi ake yinsa, kuma Hausa takan farfashe gutsi-gutsi fiye da Turanci, don haka saƙo ɗaya ya fi tsada da harshenmu. Maganin duk tsohon ilimi ne: adana amsar tambayoyin da ake maimaitawa, tura masu sauƙi ga ƙaramin inji, sa wa kowane mai amfani iyaka.

Kada kuma ka manta mutane suna turo lambar BVN da NIN ba tare da an tambaye su ba, kai kuma kana wucewa da su zuwa kwamfutocin ƙasar waje. Akwai dokar kare bayanan sirri ta 2023, akwai hukumar NDPC mai sa ido a kanta. Ka goge lambobin kafin saƙo ya fita.

Masu shiga 3MTT, shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, ko wani kwas na 'yan watanni, madalla, ku shiga. Amma ku riƙe SQL na tambayar rumbun bayanai, da Git na adana tarihin sauye-sauyen manhaja, da sanin wa aka yarje wa ganin me. Idan matashi ya zo neman aiki wurina ya buɗe kwamfuta zai nuna mini mataimakin da ya haɗa, nakan ce ya dakata. Ya fara nuna mini jerin gwajinsa, da tambayoyin da injin ya kasa amsawa daidai, sannan ya faɗa mini naira nawa saƙo ɗaya yake ci.